Gayyar Iyaye A Kan Babbar Waya

 

Gaisuwa mai yawa da girmamawa zuwa ga iyayenmu malamai na birnin Zazzau, na Kona da na Juma, na Ƙaura da na Kwarbai, da na sauran unguwanni ciki da wajen ganuwa, da almajiransu manya da ƙanana, da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa, ko aka karanta masa ita a zaure. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wannan karo magana ce guda, watau babbar waya, wadda wasu ke kira komai-da-ruwanka, da shekarun da ya kamata yaro ya kai kafin a damƙa masa ita ta zama tasa.

Ku sani, 'yan'uwa, ba mu zo mu ce muku waya haramun ce ba. Da ita mu ke gaisawa da dangi na nesa, da ita ɗan kasuwa ke jin farashi, da ita a ke aika wa tsohuwa kuɗin cefane a ƙauye. Hukuncinta hukuncin wuƙa ne, kowane gida da tasa, amma ba a miƙa wa mai rarrafe. Maganarmu a kan lokaci ce. Kuma abin da mu ke so ku riƙe daga takardar nan shi ne, uba guda, komai tsananinsa, ba ya iya tsare wannan lokaci shi kaɗai, sai iyayen unguwa sun yi wa abin gayya kamar yadda a ke yi wa gona.

Ga abin da ya koya mana haka. A zaurenmu akwai wani yaro ɗan shekara 11, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda in an biya masa sau biyu ya riƙe, kullum shi ke fara wanke allo. Bayan ƙaramar salla sai muka ga ya soma gyangyaɗi a kan allonsa da asuba, kwana uku, kwana huɗu, rubutu guda bai wanku ba. Muka zaci zazzaɓi ne, muka aika wa ubansa. Ashe kawunsa ne ya yi masa goron salla da tsohuwar wayarsa, yaro ya riƙa kwana da ita cikin mayafi. Uban mutumin kirki ne, nan take ya karɓe. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo, ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wayar na karɓe ta, amma yanzu yaron ne ba na gani. Da an sallame isha'i sai ya sulale gidan maƙwabta, su biyar su haɗa kai a kan waya guda har tsakar dare. In na yi faɗa ya ce duk abokansa shi kaɗai aka hana, har baƙauye su ke ce masa. Uwarsa kuma ta ce na cika tsanani. Malam, ina mafita?" Ran nan ba mu da abin ce masa sai haƙuri da addu'a. Takardar nan ita ce amsar da muka kasa ba shi.

Ku dubi maganar yaron nan da kyau, domin a cikinta cutar ta ke. Cewa ya yi kowa yana da ita. Da wannan kalma a ke karya uba. Mutum ba ya son ɗansa ya zama saniyar ware, sai ya saya, ransa ba ya so. Da ya saya kuwa ya ƙara wa maƙwabcinsa nauyi, don gobe da ɗansa za a kafa hujja a gidan gaba. Haka za a bi gida gida, har a wayi gari iyaye goma, waɗanda babu ko ɗaya cikinsu da ya ke so, duk sun saya. Mun san irin wannan a sha'anin lefe da kayan ɗaki, kowa na kuka da tsadarsu, kowa kuma in nasa ya zo sai ya ƙara akwati don kada a raina shi. Abin da gasa ta ɗaura, mutum ɗaya ba ya kwance shi.

Fasali a kan abin da wayar nan ta ƙunsa.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a watan Agusta na shekara ta 2001, da lissafin Miladiyya. Wadda muka fara sani ƙarama ce mai maɓallai, aikinta kira da saƙo, in ta yi yawa ta haska maka hanya da tocila. Babbar waya mai gilashi, wadda a ke shafawa da yatsa, daga shekara ta 2007 ta soma yaɗuwa a duniya, ta iso mu sannu sannu sa'ad da ta yi araha. A watan Maris na 2020 kuma, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, gidaje da yawa suka miƙa wa yara waya da sunan karatu. Aka buɗe makarantu, waya ba ta koma hannun masu ita ba.

Suna ne ya haɗa su, amma ƙaramar da babbar ba jinsi ɗaya ba ne. Babbar kasuwa ce, majigi ne, dandali ne, gidan caca ne, makaranta ce, duk a tafin hannu. Kakanninmu sun gina gida da zaure don baƙo ya tsaya nan, ya yi sallama, mai gida ya fito ya ga ko wane ne. Wannan kuwa baƙo ne da ke wuce zaure, ya wuce tsakar gida, ya shiga har makwancin yaro, mai gida na barci.

Ku san kuma yadda masu ita ke cin riba. Galibin dandalin da ke cikinta ba sa karɓar kuɗin shiga. Talla su ke sayarwa, kuma gwargwadon daɗewar idonka a kan gilashi gwargwadon abin da 'yan talla ke biyan su. Saboda haka aka gina su yadda ba su da ƙarshe. Littafi yana da bango, in ka kai ka rufe. Tatsuniya tana da ƙurungus. Nan kuwa bidiyo na ƙarewa wani ya hau da kansa, na'urar tana lura da wanda ka daɗe a kansa, ta ƙaro maka irinsa, har da wanda ya fi shi zafi. Ƙwararru ne aka ɗauka aiki, a ke biyan su albashi mai tsoka, don su hana hannu ajiye ta. Mu manya, masu gemu da furfura, sau nawa mu ke cewa bari in duba minti biyar, sai mu ji kiran salla? To, ɗan shekara tara za a tura ya yi kokawa da su?

Su kansu masu dandalin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, a ƙa'idarsu sun rubuta ba sa karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, abin da ya samo asali daga wata doka da Amurka ta yi a 1998 don tsare bayanan ƙananan yara. Yaro dai ƙaryar shekaru ya ke yi ya shiga, ko yayansa ya buɗe masa. A nan gida kuma, tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta umurci a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, kana a 2021 hukumar sadarwa, NCC, ta fito da daftarin ƙa'ida mai cewa sai ɗan shekara 18 za a yi wa rajistar layi. Layin da ke hannun ƙaramin yaro, ashe, galibi sunan wani babba ne a kansa. Wanda sunansa ke kai ya sani amana ya ɗauka.

Ga kuma lissafin barci. Likitocin barci na Amurka sun bayyana a 2016 cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana guda. Yaranmu da asuba su ke tashi, wajen ƙarfe biyar. Ku ƙirga awa tara baya, za ku sauka a ƙarfe takwas, watau da an sallame isha'i kaɗan. Yaron da ya kai sha biyu yana kallo, kusan rabin barcinsa ya tafi, da wace ƙwaƙwalwa zai riƙe hadda? Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2019 ta ce kada a zaunar da jaririn da bai kai shekara biyu ba gaban gilashi, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a yini. Wannan ya shafi uwar da ke miƙa wa yaro waya don ya bar kuka ta samu ta tuƙa tuwo. Ba zarginta mu ke yi ba, aiki ne ya yi mata yawa, amma ya kamata ta sani.

Fasali a kan abin da iyaye suka yi a wasu ƙasashe.

Tun da Turawa ne suka ƙera abin nan, gidajensu ya fara ƙonawa, ya kyautu mu dubi ruwan da suka ɗebo. A ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, akwai wani gari a bakin teku kudu da Dablin, sunansa Greystones, mutanensa sun ɗan haura 22,000. A watan Mayu na 2023 ƙungiyoyin iyaye na makarantun firamare takwas na garin da kewayensa suka haɗu a kan alkawari guda, ba za su ba yaro babbar waya ba, a gida ne ko a makaranta, sai ya shiga sakandare. Wata shugabar makaranta, Rachel Harper, ita ta jagoranci abin. Ba doka ba ce, ba ɗan sanda, ba tara, wanda ya so ya shiga. Hikimar ita ce makarantun takwas a tare suka yi, saboda haka yaro ba shi da damar cewa ai 'yan waccan makaranta an bar su. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Nuwamba, ministar ilimi ta ƙasar, Norma Foley, ta fitar da takardar jagora ga iyayen sauran makarantun firamare don su ƙulla irin wannan alkawari in sun ga dama.

Kafin su, a 2017, wata uwa mai suna Brooke Shannon a birnin Austin na jihar Texas ta Amurka ta kafa wani alkawari tare da wasu iyaye, ma'anar sunansa a dakata sai aji takwas, watau sai yaro ya kai wajen shekara 13 ko 14. Akwai wani sharaɗi nasu da ya kamata mu ɗauka. In ka sa hannu, alkawarin bai hau kanka ba tukuna sai gidaje goma na ajin ɗanka sun sa hannu, sa'an nan a sanar da ku junanku. Da haka ba wanda zai ji tsoron ya shiga ya tarar shi kaɗai ne. Ƙaramar waya ta kira kuma ba su hana ba.

A Ingila, a watan Fabrairu na 2024, wasu mata biyu ƙawaye, Daisy Greenwell da Clare Fernyhough, suka buɗe zauren WhatsApp don su ƙarfafi juna a kan jinkirta wa 'ya'yansu. Suna tsammanin su kaɗai ne ke da wannan damuwa. Cikin kwana guda zauren ya cika, dubban iyaye suka yi ta shigowa, har aka rarraba shi yanki yanki. Alkawarinsu, babbar waya sai shekara 14, dandalin sada zumunta sai 16. A shekarar 2024 hukumar sadarwar ƙasarsu ta ba da rahoto cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan shekara 5 zuwa 7 suna da babbar waya tasu ta kansu. Ku lura, da wayar suka tara jama'ar, shaida ke nan cewa ba abar su ke ƙi ba.

Hukumomi ma sun motsa. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙaramar sakandare a 2018. Ostareliya ta yi doka a watan Nuwamba na 2024, ta fara aiki ran 10 ga Disamba 2025, wadda ta hana kamfanonin dandali barin wanda bai kai shekara 16 ba ya riƙe shafi, tarar kuma a kan kamfani ta ke. Sai dai doka iyakarta ƙofar gida, abin da ke cikin mayafi sai uwa da uba.

Amana ta sa mu faɗa muku cewa masanansu sun yi saɓani. Wani malamin jami'a a New York, Jonathan Haidt, ya wallafa littafi a 2024 yana ɗora wa babbar waya alhakin yawaitar damuwa da ƙuncin rai a tsakanin matasansu. Wasu masanan suka ce ya kai hujja inda ba ta kai ba, akwai wasu sabubba. Mu ba alƙalansu ba ne. Hujjarmu ba ta rataya ga wannan saɓani ba, domin gyangyaɗin asuba da allon da ya ƙi wankuwa da idonmu muka gani. Kuma in an jinkirta aka yi kuskure, abin da yaro ya rasa kaɗan ne, gobe ya cim masa. In an gaggauta aka yi kuskure, abin da ido ya gani ba ya gogewa kamar tawadar allo.

Fasali a kan abin da mai musu zai ce.

In ka ce, wannan koyi da Turawa ne, sai mu ce, ba daga gare su muka koyi ba kowane abu lokacinsa ba. A makarantarmu ƙolo da babbaƙu ya ke farawa, sa'an nan farfaru, kuma Malam ke rubuta masa allo har ranar da hannunsa ya faɗa. Mai neman ilimi Ahalari a ke ba shi kafin Iziyya, Iziyya kafin Risala, ba a taɓa buɗe wa mafari Muhtasar ba. Salla kanta ana horon yaro da ita yana ɗan bakwai, a matsa masa yana ɗan goma. A babin hajru kuma malaman fiƙihu sun bayyana cewa ba a miƙa wa maraya dukiyarsa, ko da gadon ubansa ce, sai an jarraba shi an ga ya san riƙo. In dukiyar da ta ke tasa halal a ke tsare masa har hankalinsa ya nuna, ina ga abin da ke iya cin dukiyar da hankalin gaba ɗaya? Abin da muka ɗauko wajen mutanen Greystones dabarar haɗa kai ce, ita ma gayya ce da muka gada muka yar.

In ka ce, kakanninmu sun guje wa boko aka bar mu a baya, kada mu sake, sai mu ce, wannan tsoro gaskiya ne, mu ma muna jin sa. Amma shafa gilashi ba shi ne ilimin na'ura ba. Abin da ɗan shekara uku ke iyawa cikin yini guda, ɗan shekara goma sha biyar ba zai kasa ba. Jarrabawar shiga jami'a ta JAMB tun 2015 a kan kwamfuta a ke yin ta, gaskiya ne, amma abin da ta ke nema yaro ya zauna ya karanta tambaya ya fahimta, ya san lissafi, ya iya maɓallan kwamfuta. Wannan a ɗakin kwamfuta na makaranta a ke koyon sa, gaban malami. Wanda zai ƙera na'ura gobe shi ne yaron da ya iya zama awa guda a kan mas'ala ɗaya bai tashi ba, wannan zaman kuwa shi ne abin da wayar ke fara ci.

In ka ce, a cikinta akwai karatun alarammomi da tafsiri da darussa, sai mu ce, haka ne, kuma alheri ne babba. Yaro ya saurara a wayar ubansa, a zaure ko a tsakar gida, inda ido ke gani, in an gama a mayar. Akwai kuma 'yar rediyon nan mai cin memori, wadda ba ta da gilashi, a zuba mata karatu zalla. Ba a sakin yaro cikin kasuwa da dare don akwai masallaci a tsakiyarta.

In ka ce, zamani ya lalace, dole in san inda ɗana ya ke, sai mu ce, ba mu manta ba. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun shiga kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya da dare, suka tafi da ɗalibai da malamai. Ba mai ce wa uba kada ya ji tsoro. Sai dai abin da tsoron ke nema kira ne, ƙaramar waya mai maɓallai kuwa ta isa, ga araha, ga riƙe caji kwanaki, ɓarawo ma bai cika bin yaro saboda ita ba. A cire mata memori, domin masu tura fina-finai a bakin hanya suna cika shi da kuɗi kaɗan, ba sa tambayar shekarun mai saye.

In ka ce, yaranmu galibi ba su da ta kansu, ina ruwanmu da cutar masu kuɗi, sai mu ce, wannan shi ne sa'armu. Turawa sai da ta cika hannun yara suka farga, suna ta faman ƙwacewa. Mu a gidaje da yawa ba ta kai nan ba tukuna, hana shiga kuwa ya fi fitarwa sauƙi. Amma waya kullum ƙara yawa ta ke, tsofaffin na sauka hannun ƙanana, kuma wayar uwa da ta yaya da ta gardi, in tana kwana hannun yaro, tasa ce ko ba a ce tasa ba.

Fasali a kan alkawarin da mu ke kira gare shi.

Na farko, a fara da gida goma waɗanda 'ya'yansu ke wasa tare, na layi guda, ko na makarantar allo guda, ko na ajin Islamiyya guda. Alkawari ba ya hawa kan kowa sai goman sun cika.

Na biyu, ba za a mallaka wa yaro, namiji ko mace, babbar waya ba sai ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, ko ya cika shekara 15 in ba ya boko. In ya kai, a fara ba shi da sharaɗi, a ga riƙonsa, kamar yadda a ke jarraba maraya.

Na uku, aro ya halatta don bukata, a fili, da lokaci ƙayyadadde. Bayan isha'i ba waya a hannun yaro, ko ta wane ne, kuma ba ta kwana a ɗakin yara.

Na huɗu, kada a ƙulla komai sai da iyaye mata. Su ke tare da yara yini, alkawarin da aka ƙulla a zaure ba da saninsu ba a tsakar gida zai warware. A sanar da kawu da baffa da goggo da inna cewa gidan nan ba a kawo masa waya goron salla ko tsarabar Makka. Saurayin da ya ba yarinya ƙarama waya a ɓoye, a mayar masa da abarsa ta hannun manyansa.

Na biyar, ɗa na kowa ne. Wanda ya ga ɗan maƙwabcinsa cikin goman nan da waya ya gaya wa ubansa a asirce, uban kuma ya yi godiya, kada ya ce an sa wa ɗansa ido. Ba duka, ba tara, ba tozarta wanda ya ƙi shiga ko ya shiga ya kasa. Wanda aka kunyata ba ya dawowa.

Na shida, almajiran da iyayensu ke nesa, Malam ne ubansu. A ajiye ƙaramar waya guda wurinsa, ran Alhamis da Jumma'a da ba karatu yara su gaisa da gida. Gardawa kuma su ji tsoron Allah, kada su tara ƙolaye a kan wayarsu, kada su karɓi kuɗin kallo daga abin da yaro ya samo.

Na bakwai, wanda ya karɓe abu ya ba da madadinsa. A bar yara su yi langa da ƙwallo da 'yar gala-gala a dandali kafin magariba, babba guda na kusa. Garin nan an san shi da ɗinkin babbar riga na hannu, ga ɗinkin hula, ga sauran sana'o'in gado. A zaunar da yaro gaban mai sana'a, allura tana koyar da haƙurin da gilashi ke kashewa.

Na takwas, kuma shi ya fi nauyi, mu fara da kanmu. Mu malamai, sau nawa almajiri na biya karatu waya ta yi ƙara, muka ɗaga masa hannu ya dakata? Sau nawa yaro ya zo da magana, uba ya amsa masa ido na kan gilashi? Yaro da ido ya ke koyo kafin kunne. A lokacin darasi da lokacin cin tuwo, wayar babba ma ta shiga aljihu.

A rubuta wannan a takarda, kowa ya sa hannu, limamin unguwa da mai unguwa su shaida, a kira yaran a karanta musu, a faɗa musu sunayen sauran gidaje tara, a faɗa musu ranar da wa'adin zai cika. Yaro yana iya haƙuri da abin da ya san ƙarshensa, in ya ga abokansa na haƙuri tare da shi. Kowace shekara bayan babbar salla a sake zama, a dubi abin da ya gyaru da abin da ya gagara.

Ku almajirai da samari masu karanta takardar nan, ba ƙiyayya ce ta sa muka rubuta ba. Ƙannenku ku su ke kallo, abin da ke hannunku shi su ke sha'awa. Wanda ya riga ya mallaki waya cikinku ya taimake mu da ɓoye ta a gabansu, ya ƙi ara musu da dare. Shi ya fi mu sanin abin da ke ciki.

Ku kuma iyaye, kada ku jira hukuma, kada ku jira wani taro babba. Jumma'ar nan in an sauko masallaci, kowa ya tsai da maƙwabcinsa ya tambaye shi, yaya ka ke fama da naka? Za ku tarar abin da ke damunka shi ke damunsa, kunya ce ta hana kowa fara magana. Uban yaron nan da muka ba ku labari ya fara zagaya layinsu, gida huɗu sun amsa masa, yana neman sauran. Wanda ya ƙulla nasa ya aiko mana da labari, da abin da ya yi sauƙi da abin da ya yi wuya, mu buga don wasu su amfana.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙon amanarsu, ya sa su fi mu ilimi da hankali, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, malamai su gyara mana. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, a kai ta cikin gida mata su ji.